Harkar Ƙwaya a Daji

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban wannan taro. Mai girma shugaban asibiti da mataimakansa. Shehunan malamai masu manyan riguna da ƙananan tabarau. Likitoci, da ma'aikatan jinya waɗanda ke yin aikin likitoci na karɓar yabon. Iyayenmu maza da ke jere a gaba. Iyayenmu mata da suka cika kujerun tsakiya. Ɗalibai da 'yan jarida. Da ku da kuka shigo don kun hango ana sauke katan-katan na lemo, ku ma ban raina zuwanku ba. Ina gaishe ku gaisuwar girma, babba da yaro, na zaune da na tsaye.

Ni ne Shehun Malami, shugaban majalisar masu binciken ciwon daji ta ƙasashe goma sha huɗu, wanda in aka ce za a jera digirorinsa sai an ƙaro tebur. Na so in zo da ƙafata, tafiyar ba ta yiwu ba, shi ya sa na aiko da wannan takarda a karanta muku. Kada Hausata ta ba ku mamaki: ilimi in ya yi wa mutum yawa, harsuna da kansu suke zuwa gaishe shi. Sharaɗina ɗaya ne ga mai karantawa: ya karanta har ƙarshe, kada ya tsallake layi, kada ya leƙa shafin baya, ko da ya ji gumi na karyo masa.

Ina godiya ga Allah da ya nuna mana wannan rana. Ina godiya ga waɗanda suka gina wannan sabon ɗakin bincike da ake buɗewa yau, da waɗanda suka share shi, da waɗanda za su tsaya a gabansa a ɗauke su hoto alhali ko bulo ɗaya ba su ɗaga ba. Sannan ina godiya ga wadda saboda ita aka taru, Dakta, ga ta can a hannun dama cikin farar riga, ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Ga mahaifinta a layin gaba, tsohon kafinta wanda rabin ƙofofin unguwarsu aikin hannunsa ne. Ga mahaifiyarta a bayansa. Allah ya saka musu da alheri.

Jama'a, yabon gwani ya zama dole, kuma zan yaba. Amma tun yanzu ina so ku san abin da ya sa na tsawaita. Shekara huɗu da suka wuce an yi wa wannan baiwar Allah ƙazafi da kalma biyu, ƙazafin da ya kusa rushe aikinta. Mahaifinta ya ja wa wanda ya fara maganar Allah ya isa, ba tare da ya san ko wane ne ba, kuma har yau bai janye ba. Mai laifin yana cikin wannan ɗaki. Kafin a naɗe takardar nan zan faɗi sunansa a gaban dattijon, ya yi hukuncin da ya ga dama. Saboda haka mai jin fitsari ya daure.

Magana ta farko: mene ne aikin Dakta?

Jikin ɗan Adam, kamar yadda muka gano mu manyan masana, an gina shi ne da wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, ana ce musu ƙwayoyin halitta. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutu a cikinta, kuma in za ta haifi 'yar'uwarta sai ta kwafe mata rubutun kaf, kamar yadda ɗalibi ke kwafe allonsa daga na malam. To kun san yadda kwafi yake. Wata rana hannu zai zame, ɗigon da ya kamata ya zauna a ƙasa ya hau sama, harafin "ba" ya koma "nun", ma'ana ta juye. Ɗalibin kirki in ya ga kuskure wanke allon yake ya sake. Amma akwai taƙadari, wanda ba zai wanke ba, ba zai saurari gyara ba, sai ma ya tara ƙananan yara a bayan makaranta yana biya musu kuskurensa, su ma su biya wa wasu, har hayaniyarsu ta danne karatun gaskiya. Wannan taƙadarin shi ne ciwon daji. Aikin Dakta shi ne ta bi allunan nan ɗaya bayan ɗaya, ta nemo inda ɗigon ya kauce, ta gano me ya sa a jikin matanmu yake kaucewa da wuri, yake kuma gudu kamar an biyo shi. Kada ku tambaye ni inda Shehun Malami na ƙetare ya san wankin allo. Na yi yawon duniya.

Magana ta biyu: yadda baki ya yanka wuya.

A farkon aikinta Dakta ta bi gida-gida a unguwarsu, ta zauna da mata, ta yi bayani, har mata sittin suka yarda a duba su a kuma ɗebi jininsu don bincike. Kullum da safe sai a gan ta ta fito da wani shuɗin akwatin ƙanƙara. Ran nan da hantsi, a shagon mai aski, mutane shida na jiran layi, sai wani ya dubi wani saurayi da ya san gidan, ya ce, "Kai, wai 'yar kafintan nan wane aiki take yi ne, kullum da akwati?"

Saurayin nan irin waɗanda in ba su ja magana ba abinci ba ya narke musu ne. Ya gyara zama, ya ɗaure fuska, ya ce, "Harkar ƙwaya take yi."

Mai aski ya tsayar da almakashi. "Ƙwaya? A ina?"

Ya ce, "A daji."

Ku duba fa, jama'a. Bai faɗi harafi ɗaya na ƙarya ba, kuma bai faɗi harafi ɗaya na gaskiya ba. Ƙwaya ce, ta halitta. Daji ne, na ciwo. Shi a nufinsa a zare ido, ya sheƙe da dariya, ya warware. Kafin ya kai ga warwarewa wayarsa ta yi ƙara, ana kiransa aiki, ya fice yana dariya shi kaɗai. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin azahar an ce sayarwa take. Kafin la'asar an ce akwatin nan da ita ake cika shi. Kafin mako ya zagayo an ce jinin matan ma da shi ake haɗa ƙwayar. Mazaje suka hana matansu. Cikin sittin, tara suka rage.

Aka tare dattijo mahaifinta a ƙofar masallaci. Ya ce, "Haba jama'a, ƙwayar halitta ce fa!" Wani tsoho ya ce, "To ai kowace ƙwaya halitta ce, Malam, ba mu taɓa jin wadda ta yi kanta ba." Aka kwashe da dariya. Mutumin da ya shekara arba'in ba a taɓa mayar masa da kujera don ta gurɗe ba, ranar ya koma gida kansa a ƙasa. Ya ƙi cin abinci. Ya tara iyalinsa a tsakar gida, ya ɗaga hannu, ya ce, "Duk wanda ya fara ƙulla wa 'yata wannan sharri, Allah ya isa tsakanina da shi." Gida duka aka ce amin.

Magana ta uku: abin da ta yi.

Da wata ce da ta tattara takardunta ta koma inda ake neman irinta da fitila, don mu a ƙetare mun aika mata sau uku. Ba ta tafi ba, ba ta yi zagi ba, ba ta kai ƙara ba. Ta ari wani tsohon madubin hangen ƙananan halittu da aka jingine a sito, ta goge shi, ta rungume shi kamar jariri, ta nufi gidan mai kitso, inda duk labarin unguwa yake kwana yake tashi. Mata na ganinta suka bi madubin da kallo. Ta ajiye madubin a kan kujera ta ce, "Na kawo muku ƙwayar ku gani."

Mai kitso, mace mai baki kamar reza, ta ce, "Ni ba a tsorata ni da ƙwaya, mijina ma na iya da shi. Kawo."

Dakta ta ɗan kankaro cikin kumatun mai kitso da tsinke mai auduga, ta shafa a gilashi, ta ɗiga shuɗin ruwa, ta ce ta leƙa. Mai kitso ta leƙa, ta ɗago, ta sake leƙawa, ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu! Duk waɗannan a bakina suke zaune? Shi ya sa ba ya gajiya!"

Gani ya kori ji. Ranar mata goma sha ɗaya suka leƙa, wata da rabin kai a tsefe. Daga ranar duk wadda ta zauna a gaban mai kitso, in an kama gashinta an danƙe ta yadda ba ta da wurin gudu, sai ta ji a kunnenta, "Ke, kin je an duba ki?" Wata takwas Dakta tana yawo da madubin nan, gida-gida, rana-rana, har igiyar jakarsa ta yi mata kanta a kafaɗa. Sannu ba ta hana zuwa.

Magana ta huɗu: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

In kun ji an ce Dakta ta gano, ku sani mutane da yawa ne a cikin wannan "ta". Akwai likitan fiɗa, wanda in ya ciro ƙari ba ya bari ya huce sai ya aiko mata. Akwai ɗan babur ɗin da ke ɗauko shuɗin akwatin, wanda ya san in ya wuce minti arba'in a hanya aikin ya lalace, har ya daina tsayawa gaisawa da surukinsa. Akwai dattijuwar da ke yanka tsoka ta fi bawon albasa siranta, ba ta taɓa ɗaga murya ba amma kowa tsoronta yake. Akwai masanin lissafi, wanda bai taɓa ganin jini bai nemi kujera ba, amma in ya zauna gaban kwamfuta sai lambobi su yi masa layi kamar sojoji. Akwai ungozomar da ta haifi rabin unguwa a hannunta, wadda in ta ce wa mace "tashi mu je" ba a yi mata gardama. Sannan akwai mu na ƙetare, ɗakunan bincike huɗu a ƙasashe huɗu. Da can mu ake aiko wa tambaya a jira amsa wata shida. Yanzu mu ne muke turo hotunan ƙwayoyinmu muna cewa, "Dakta, don Allah duba mana wannan." Na faɗa da bakina, kuma girmana bai ragu ba.

Akwai kuma wani da ba a sa sunansa a takardar gayyata ba, kuma wannan kuskure ne babba. Bara, da tsakar rana ana zafi, babban firijin tsohon ɗakin bincike ya fara kuka. Ba irin firijin gidajenku ba ne da ake ɓoye ragowar miya. Wannan sanyinsa in ka taɓa cikinsa da hannu tsirara sai fatarka ta zauna a can. A cikinsa akwai 'yan kwalabe fiye da dubu, aikin shekara uku. Injiniyan kamfani ya ce sai jibi. Aka ruga bakin titi aka kira wani saurayi mai gyaran firiji, kyakkyawa, dogo, mai basira, wanda har yau ban san abin da 'yan matan garin nan suke jira ba. Kowa na cewa kwampreso ne ya mutu. Shi kuwa ya kwanta a ƙasa, ya kasa kunne, ya ce kwampreso lafiyarsa lau, fankar da ke busa masa iska ce ta ƙone, ƙura kuma ta toshe raga. Ya kwance fankar wani firijin shago, ya ɗaura, ya wanke raga, kafin awa guda lambobin ma'aunin zafi suka fara sauka. Mu a jami'o'inmu wannan kaɗai ya isa a ba mutum digiri.

Da aka samu natsuwa, Dakta ta sa safar hannu ta buɗe masa ƙofar na ɗan lokaci. Hayaƙin sanyi ya fito. Ta ce, "Ka ga kowace kwalba? Mutum ce, da 'ya'yanta, da tukunyarta a kan wuta." Ya ga wani layi a sama kusan babu komai, ya tambaya. Ta ce, "Wurin matan shekarar farko ne, waɗanda suka janye. Yawancinsu sun dawo. Biyu sun dawo a makare." Ta rufe ƙofar. Kwana in ya ƙare ya ƙare, wannan mun yi imani. Amma an ce saurayin nan ya tattara sukundirebobinsa, ya manta da mitarsa a can.

Magana ta biyar: amfanin da aka girba.

Ku buɗe kunnuwa, ku masu cewa me ake yi a ɗakin da ba a ba da allura. Daga mata tara, yau mata fiye da dubu biyu aka duba. Daga madubin aro, yau ga gini. Daga akwati ɗaya, yau asibitoci bakwai ke aiko mata. Dakta da abokan aikinta sun gano wata alama a jikin ƙwayar, wadda in an gan ta ake gane cewa wannan magani ba zai yi wa wannan mara lafiya aiki ba, a sauya mata wani tun da wuri, maimakon ta sha wata shida tana amai, gashi na zuba, ƙarfi na ƙarewa, a banza. Ku tambayi matar da ke sayar da yadi a bakin kasuwa, ga ta can da koren mayafi, ita ta ce in an zo wurin a nuna ta. An gano nata ƙarin yana kamar ƙwayar wake. Yau shekara biyu ke nan, kuma wanda ya taya yadinta jiya ya san ƙarfinta ya dawo. Ɗalibai tara Dakta ta yaye, biyar mata. 'Yar mai kitso tana cikinsu.

Wannan ita ce wadda aka ce tana harkar ƙwaya. Ƙwarai kuwa tana yi! Ta shiga dajin da maza ke tsoro, ba bindiga, ba kare, ta fito da mutane a raye. Ku tafa mata. Mai karantawa, dakata su tafa. In tafin bai yi ƙarfi ba ka ce su sake.

Magana ta ƙarshe: alkawarin da na ɗauka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Mai karantawa, riƙe takardar da kyau, ka kusa gamawa, kuma ba ruwanka.

Shehun Malami yana nan da ransa, mutumin kirki ne, kuma ya aiko da saƙo da gaske. Layi uku ne da Turanci, yana cikin aljihuna, zan miƙa shi lafiya lau. Shekaranjiya na zo gyaran na'urar sanyaya ofishin sakatare, na ga ambulan a kan tebur, na zare nasa na zura nawa. Ba ni da digiri ko na ɗinki. Iyakacina makarantar allo, can ma malam ya fi sanin bayana da fuskata. Wannan jawabi da ajami na rubuta shi, mako uku ina gogewa, mai shagon buga takardu ya juya mini shi boko, yana bugawa yana cewa za a ɗaure mu tare.

Baba, ni ne. Autanka ne. Ni ne mai gyaran firijin, ni ne kuma saurayin shagon aski.

Ranar da ka ɗaga hannu a tsakar gida ina tsugune kusa da randa. Ka ja Allah ya isa, kowa ya ce amin, ka juyo ka dube ni don ka ji ban amsa ba, ni ma na ce amin. Da bakina na ce amin a kan kaina. Shekara huɗu ke nan, in na yi tuntuɓe sai in ce ita ce, in zazzaɓi ya kama ni sai in ce ta iso. Kullum in ka ce mini "Allah ya yi maka albarka" sai in rasa wacce za ta riga wata. Sau nawa na zo bakin shagonka da niyyar faɗa, in tarar kana fere katako, in ce gaisuwa na zo.

Yaya, ke kuma watan jiya mai aski ya faɗa mini abin da ya hana ni sukuni. Ya ce tun makon farko kika je kika tambaye shi, ya faɗa miki ko wane ne, kika roƙe shi ya rufe bakinsa don kada Baba ya san a kan wa addu'arsa ta sauka. Kin sani kika ci gaba da zuba mini abinci. Kin sani kika ce a kira ni gyaran firijin. Kin sani kika buɗe mini ƙofarsa. Da kin mare ni da ya fi mini sauƙi. A gaban mutane na ɓata miki suna, shi ya sa ban ga dacewar in nemi gafara a bayan ɗaki ba. Ki yafe mini. Iyalan matan nan biyu kuma, da ƙafata zan je gidajenku, ba da takarda ba.

Allah ya albarkaci wannan ɗaki da masu aiki a cikinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ƙara wa Yaya basira, ya tsare ta daga sharrin maƙiyi da wasan ƙani. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya sa bakinmu ya zama mai gyara ba mai ɓarna ba.

Baba, in ka waiwaya za ka gan ni a bakin ƙofar baya, hulata a hannu. Da na so in tsaya kusa da mashin ɗina saboda halin ko-ta-kwana, sai na ba mai gadi makullin na ce kada ya ba ni ko na yi kuka. Ba sai ka yi magana a gaban jama'a ba. Ka ɗaga sandarka kawai. In yafiya ce, zan gane. In duka ne, zan taho in karɓa.

Na gode.